Yadda Ake Tafiyar da Majalisar Ƙauye a Ingila: Zama, Haraji da Riƙon Amanar Jama'a

Majalisar ƙauye, wadda mutanen Ingila suke kira majalisar farish, ita ce matakin hukuma na can ƙasa a tsarin mulkinsu. A samanta akwai majalisar gunduma da majalisar lardi, ko kuma majalisa guda da ta haɗa aikin biyun, sannan gwamnatin tsakiya da ke Landan. Irin waɗannan majalisu sun kai kusan 10,000. Sun mamaye mafi yawan filayen ƙasar, amma mutanen da ke ƙarƙashinsu ba su kai rabin jama'ar Ingila ba, domin yawancin manyan birane ba su da su.

Kada mai karatu ya ɗauke ta kamar ƙaramar hukuma a Najeriya ko komin a Nijar. Ta fi waɗannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sau da yawa ƙauye ɗaya ne mai mutum ɗari biyar ko dubu ɗaya, da kansiloli bakwai ko tara, da ma'aikaci guda mai aikin awoyi kaɗan a mako. Gwamnatin tsakiya ba ta aiko mata da kason wata-wata. Ikonta kaɗan ne, kuɗinta kaɗan ne, amma doka ta ɗaure ta da ƙa'idoji huɗu masu tsauri: a sanar kafin a zauna, a zauna a idon jama'a, a rubuta abin da aka yanke, a buɗe littafin kuɗi ga duk mai son dubawa. A kan waɗannan ne duk aikinta yake tafiya.

Asalinta

Kalmar farish ta fito ne daga tsarin coci, wato yankin da limamin coci guda yake kula da shi. A zamanin da, mazauna yankin sukan taru a ɗakin da limamin ke ajiye tufafin ibada a jikin cocin, su tattauna al'amuran gari. Sannu a hankali sai gwamnati ta riƙa ɗora wa wannan taro nauyin da ba na ibada ba. A 1555 aka ɗora masa gyaran hanyoyi, a 1601 kuma aka ɗora masa kula da matalauta da karɓar harajin ciyar da su.

A 1894, a zamanin gwamnatin Gladstone, aka yi dokar da ta raba aikin gari da aikin coci. Daga nan aka samu majalisar ƙauye wadda jama'a ke zaɓa, limamin coci ba shi da kujera a cikinta saboda muƙaminsa. An yi zaɓen farko a watan Disamba na wannan shekara, kuma mata sun samu damar tsayawa takara tun lokacin, shekaru fiye da ashirin kafin a ba su ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki ta ƙasa a 1918. Cocin Ingila yana da tasa majalisar daban mai kula da gininsa da asusunsa, kuma baƙi da yawa sukan rikita ta da wannan saboda kamancin suna.

Dokar da ake aiki da ita a yau ita ce Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972, tare da gyare-gyaren 2007 da 2011. A yankin Wales ana kiran irinsu majalisun al'umma. A Sikotland akwai masu wannan suna, amma ba su da ikon sanya haraji.

Su wane ne kansiloli

Doka ta ce kansiloli kada su gaza biyar. Ana zaɓensu duk bayan shekara 4, galibi ranar Alhamis ta farko a watan Mayu. Sharaɗin tsayawa shi ne mutum ya cika shekara 18, kuma ya kasance ɗayan waɗannan: sunansa na cikin rajistar masu zaɓe ta ƙauyen, ko yana da gida ko gona a can, ko can ne wurin aikinsa, ko ya zauna a cikin ƙauyen ko a tazarar da ba ta wuce mil 3 ba tsawon wata 12 kafin zaɓe. Ba ɗan Birtaniya kaɗai ke da wannan dama ba. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, irin su Najeriya da Ghana da Kamaru, in dai yana da izinin zama da doka ta tanada, shi ma yana iya jefa ƙuri'a, yana iya tsayawa.

Yawancin kansilolin ƙauye ba a biyansu ko sisi, kuma da yawansu ba su tsaya da sunan wata jam'iyya ba. Manoma ne, da malaman makaranta, da masu shago, da waɗanda suka yi ritaya. Kafin mutum ya fara aiki sai ya sa hannu a takardar karɓar muƙami. Idan ya yi wata 6 a jere bai halarci zama ko ɗaya ba, kuma majalisa ba ta amince da uzurinsa ba kafin wa'adin ya cika, kujerarsa ta faɗi ke nan, ba sai an kaɗa ƙuri'ar tsige shi ba.

Idan kujera ta zama babu kowa, ta hanyar mutuwa ko murabus, sai a manna sanarwa. In masu zaɓe 10 suka rubuta suna neman a yi zaɓe cikin kwana 14 na aiki, dole a yi. In ba su nema ba, sauran kansiloli su ne za su zaɓi wanda zai cike gurbin daga cikin waɗanda suka nuna sha'awa.

Magatakarda

Duk wanda ya san aikin zai gaya maka cewa magatakarda shi ne ƙashin bayan majalisar. Shi ma'aikaci ne mai albashi, ba kansila ba, kuma ba ya jefa ƙuri'a. Shi ke tsara ajanda, ya aika takardar kiran zama, ya rubuta bayanin zama, ya amsa wasiƙu, ya aiwatar da abin da aka yanke, ya kuma faɗa wa kansiloli inda doka ta tsaya. A ƙaramar majalisa shi ne kuma jami'in kuɗi wanda doka ta wajabta a naɗa. Sau da yawa ofishinsa ɗaki ne a gidansa, kuma akwai waɗanda ke yi wa ƙauyuka biyu ko uku aiki lokaci guda.

Majalisa gaba ɗayanta ce uwargijiyarsa. Kansila guda, ko da shi ne shugaba, ba shi da ikon ba shi umarni shi kaɗai. Haka nan doka ba ta yarda a miƙa wa kansila ɗaya ikon yanke hukunci a madadin majalisa ba. Ana iya miƙa iko ga kwamiti ko ga magatakarda, amma ba ga mutum ɗaya daga cikin zaɓaɓɓu ba. Idan babu wanda za a ɗauka, kansila yana iya riƙe aikin magatakarda, amma kyauta. Ba za a biya shi albashi ba sai ya sauka daga kujera da wata 12.

Yadda ake zama

Wajibi ne majalisa ta yi zaman shekara a watan Mayu, sannan ta ƙara aƙalla zama uku a cikin shekarar. Mafi yawansu sukan zauna wata-wata ko duk bayan wata biyu, da yamma, a zauren taron ƙauye ko a ajin makaranta. An hana zama a wurin da ake sayar da giya, sai dai idan babu wani ɗaki da ya dace.

Kafin kowane zama sai an manna sanarwa a wurin da jama'a za su gani, da cikakkun kwanaki uku a tsakani. Ba a lissafa ranar da aka manna, ko ranar zaman, ko Lahadi, ko ranakun hutun ƙasa. Kowane kansila kuma za a aika masa takardar kira mai ɗauke da ajanda. A nan ne babbar ƙa'ida take: abin da ba ya cikin ajanda ba a yanke hukunci a kansa. Ana iya ambatonsa, a ce a sa shi a zama na gaba, amma ba za a kashe kuɗi a kansa a ranar ba. Hikimar ita ce kada a yi wa wanda bai zo ba aski a bayan idonsa.

Zama ba ya halatta sai da kansiloli uku, ko kashi ɗaya bisa uku na dukkansu, duk wanda ya fi yawa. Ana kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, rinjaye ya yi aiki. In an yi kunnen doki, shugaba yana da ƙuri'a ta biyu ta raba gardama. Kowane kansila yana da haƙƙin neman a rubuta sunan wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi. Aikin farko a zaman watan Mayu shi ne zaɓen shugaba, kuma wa'adinsa shekara ɗaya ce.

Ƙofa a buɗe take ga jama'a da 'yan jarida. Dokar da ta tabbatar da haka ta 1960 ce, kuma Margaret Thatcher ce ta gabatar da ƙudurinta a jawabinta na farko a majalisar dokoki. Tun 2014 an yarda duk wanda ya halarta ya ɗauki murya ko bidiyo. Ba a fitar da jama'a sai an kaɗa ƙuri'a an faɗi dalili, kamar maganar albashin ma'aikaci ko farashin da 'yan kwangila suka kawo. Yawancin majalisu sukan ware minti 10 ko 15 domin mutanen gari su yi magana, amma da zarar an shiga muhawara su 'yan kallo ne.

Bayanin zama gajere ne: su wa suka zo, me aka yanke, nawa aka amince a biya. A zama na gaba ake tabbatar da ingancinsa, shugaba ya sa hannu. Daga nan ya zama hujja da kotu ke karɓa.

Taron mutanen gari

Ban da zaman kansiloli, akwai taron dukkan masu zaɓe na ƙauyen, wanda dole a yi shi sau ɗaya a shekara tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni, kuma ba a fara shi kafin ƙarfe 6 na yamma. A nan kowa yana da baki, kowa yana da ƙuri'a. Shugaba yakan ba da rahoton shekara, ƙungiyoyin gari su ma su faɗi abin da suka yi. Masu zaɓe 6 suna iya kiran irin wannan taro da kansu a kowane lokaci. Haka kuma mutum 10, ko kashi ɗaya bisa uku na mahalarta, suna iya neman a yi ƙuri'ar jin ra'ayin gari a kan wata mas'ala. Sakamakon ba ya ɗaure majalisa, kuma ƙauyen ne zai biya kuɗin gudanar da ita. A ƙananan ƙauyuka da masu zaɓensu ba su da yawa, babu majalisa sam, wannan taron shi ne hukuma.

Daga ina kuɗi ke zuwa

Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Afrilu, ta ƙare 31 ga Maris. Tun daga watan Nuwamba magatakarda zai fara tsara kasafin shekara mai zuwa: albashinsa, inshora, yankan ciyawa, hayar zaure, kuɗin odita, gyare-gyare, da abin da za a ajiye domin ko-ta-kwana. Idan aka cire abin da ake samu daga hayar filaye da kuɗin kaburbura, ragowar shi ne abin da majalisa za ta nema daga jama'a. Galibi a watan Janairu ake amincewa da adadin, kuma doka ta ce a miƙa shi kafin 1 ga Maris.

Majalisar ƙauye ba ta bin gida-gida karɓar haraji. Majalisar gunduma ce ke karɓar harajin gidaje, wanda aka fara a 1993, sai ta ƙara kason ƙauye a kan takardar kowane gida, ta miƙa wa ƙauyen kuɗinsa, yawanci kashi biyu a shekara. An kasa gidajen Ingila rukuni takwas, daga A zuwa H, gwargwadon darajarsu a 1991, kuma da rukunin D ake yin ma'auni. Ga misali domin fahimta: idan ƙauye yana buƙatar fam 12,000, kuma gidajensa sun yi daidai da gida 300 na rukunin D, to kowane gida na wannan rukuni zai biya fam 40 a shekara. Na rukunin A zai biya kashi biyu bisa uku na wannan, na rukunin H kuma ninki biyu.

Manyan majalisu ba sa iya ƙara haraji fiye da wani ƙayyadajjen kaso sai sun yi ƙuri'ar raba gardama. Ba a ɗora wa majalisun ƙauye wannan takunkumi ba. Abin da ke taka musu birki shi ne kansilan da ya ƙara kuɗin shi ma zai biya, kuma gobe zai haɗu da maƙwabcinsa a shago.

Kowane kuɗin da za a kashe sai an nuna dokar da ta ba da ikon kashe shi. Ga abin da babu wata doka ta musamman a kansa, amma zai amfani gari, sashe na 137 na dokar 1972 ya ba da dama har zuwa wani adadi a kan kowane mai zaɓe. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 adadin fam 10.81 ne. Majalisar da kashi biyu bisa uku na kansilolinta zaɓaɓɓu ne, kuma magatakardanta yana da takardar shaidar ƙwarewa, tana iya ɗaukar faffaɗan iko da dokar 2011 ta kawo, na yin duk abin da mutum zai iya yi in dai doka ba ta hana ba. Cin bashi kuwa sai da izinin gwamnati.

Tsare dukiyar jama'a

A da doka ta wajabta kansiloli biyu su sa hannu a kowane cak. An soke wannan sharaɗi a 2014 domin a samu damar biya ta intanet, amma mafi yawan majalisu sun riƙe al'adar: magatakarda ya shigar da biyan, kansiloli biyu su amince. A kowane zama akan karanta jerin abin da za a biya, a kuma gwada lissafin littafi da takardar banki. Harajin VAT da majalisa ta biya a kan sayayyarta tana iya neman a mayar mata.

Bayan an rufe shekara, wani odita mai zaman kansa, wanda ba kansila ba ne, zai duba littattafai. Sannan majalisa ta cike takardar hisabin shekara, ta amince da ita a zama kafin ƙarshen watan Yuni. Wadda kuɗin shigarta da na fitarta ba su wuce fam 25,000 ba tana iya ware kanta daga binciken odita na waje, amma a madadin haka dole ta wallafa a intanet duk abin da ta kashe da ya haura fam 100, da jerin filayenta da gine-ginenta, da ajandar kowane zama, da daftarin bayanin zama cikin wata ɗaya.

Akwai kuma kwana 30 na aiki a kowace shekara, waɗanda dole su haɗa da kwana 10 na farko na aiki a watan Yuli, da duk mai ruwa da tsaki zai iya zuwa ya ce a nuna masa littafin kuɗi da rasit da takardun kwangila, ya kwafa in yana so. Mai zaɓe yana iya yi wa odita tambaya ko ya shigar da ƙorafi. Ban da wannan, dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta hau kan majalisar ƙauye kamar yadda ta hau kan ma'aikatun gwamnati, kuma wa'adin amsa kwana 20 ne na aiki.

Ayyukan yau da kullum

Abin da ke cin lokacin majalisa ƙananan abubuwa ne: yanke ciyawar dandalin gari, kwandunan shara, rumfar jiran bas, bencin zama, allon sanarwa, fitilun hanya, akwatin gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, da dutsen tunawa da 'yan garin da suka mutu a yaƙi. Filin wasan yara yana buƙatar dubawa a kai a kai da kuma binciken ƙwararre sau ɗaya a shekara, domin in yaro ya ji rauni majalisa ce za a tuhuma. Shi ya sa inshora ke cikin manyan abubuwan da ake biya. Ƙauyuka da dama sun sayi tsohon jan akwatin wayar tarho daga kamfanin BT a kan fam 1, suka mayar da shi ma'ajiyar littattafai ko wurin ajiye na'urar farfaɗo da bugun zuciya.

Yawancin waɗannan ayyuka dama ce doka ta bayar, ba tilas ba. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka zama wajibi shi ne filayen lambu. Dokar 1908 ta ce idan masu zaɓe 6 suka rubuta suna neman fulotin shuka kayan miya, dole majalisa ta duba buƙatarsu, kuma in ta ga akwai buƙata ta nemo fili ta ba da haya.

Manyan ayyuka kuwa, irin su titi, makaranta, kwashe shara da 'yan sanda, ba nata ba ne. Nata shi ne kai kuka da bibiya: ramin da ya ɓullo a hanya, magudanar da ta toshe, motocin da ke gudu a gaban makaranta, hanyar ƙafa da manomi ya tare.

Izinin gini

Wannan shi ne abin da ya fi cika zaure da mutane. Idan wani ya nemi izinin gini a ƙauyen, majalisar gunduma za ta sanar da majalisar ƙauye, ita kuma tana da kwana 21 ta faɗi ra'ayinta. Ba ita ke ba da izini ko ta hana ba, kuma mutane da yawa ba su san haka ba, sai su ɗora mata laifin da ba nata ba. Ra'ayin da ke da nauyi shi ne wanda ya tsaya a kan hujjar tsara gari, kamar haɗarin hanya, ambaliya, ko tare wa maƙwabci haske. Cewa ginin zai rage darajar gidan wani ba hujja ba ce a wurin hukuma.

Dokar 2011 ta ba ƙauyuka damar rubuta nasu tsarin gari, su nuna inda suka yarda a gina gidaje da irin ginin da suke so. In fiye da rabin masu jefa ƙuri'a suka amince, tsarin ya shiga cikin abin da gunduma za ta yi hukunci da shi. Yankin Upper Eden a Cumbria ne ya fara yin irin wannan ƙuri'a a watan Maris na 2013. Inda gunduma ke karɓar kuɗin raya gari daga masu gine-gine, ƙauye yana samun kashi 15 cikin ɗari, mai tsarin kansa kuma kashi 25.

Maƙabarta da addu'a

Majalisar ƙauye tana cikin hukumomin da doka ta ba ikon buɗe maƙabarta, da sayar da haƙƙin kabari har tsawon shekara 100, da ajiye rajistar waɗanda aka binne. Dokar maƙabartu ta 1977 ta yarda a keɓe wani sashe domin mabiya wani addini. Saboda haka Musulmin da ke zaune a ƙauye ko ƙaramin gari, in suna neman sashen da za a haƙa kaburbura suna fuskantar alƙibla, hanyar ita ce su gano hukumar da ke riƙe da maƙabartar, su rubuta wa magatakarda, su nemi a sa maganar a ajanda, su kuma halarci zaman. Idan maƙabartar coci ta cika aka rufe ta, cocin yana iya miƙa wa majalisar ƙauye nauyin kula da ita, ita ma tana iya tura nauyin ga gunduma cikin wata 3.

Game da buɗe zama da addu'a, a 2012 babbar kotu ta yanke hukunci a shari'ar majalisar garin Bideford da ke Devon cewa doka ba ta ba da ikon sanya addu'a cikin ajandar zama ba. A 2015 majalisar dokoki ta yi sabuwar doka da ta halatta hakan ga majalisar da ta so, ba tare da keɓe wani addini ba.

Ladabin kujera

Cikin kwana 28 da hawa kujera, dole kansila ya bayyana aikinsa, da filaye da gidajen da yake da su a yankin, da kwangilar da ke tsakaninsa da majalisa, har da na matarsa ko na mijinta. Ana wallafa wannan kowa ya gani. Idan aka zo maganar da yake da amfanin kuɗi a ciki, ba ya muhawara, ba ya ƙuri'a, kuma a yawancin majalisu fita yake yi daga ɗakin. Saɓa wa wannan da gangan laifi ne da ke jawo tara da hana riƙe kujera har shekara 5.

Kowace majalisa tana da kundin ladabi da aka gina a kan ƙa'idoji bakwai da kwamitin Nolan ya fitar a 1995: rashin son kai, mutunci, adalci wajen hukunci, karɓar hisabi, yin abu a fili, gaskiya, da zama abin koyi. Ƙorafi a kan kansila yana zuwa ne ga wani jami'i a majalisar gunduma. Sai dai dokar 2011 ba ta tanadi ikon dakatar da kansila mai mugun hali ba, kuma ƙungiyoyin magatakarda sun daɗe suna kuka da wannan giɓi.

Inda ake samun cikas

Babbar matsala ita ce ƙarancin masu tsayawa. A ƙauyuka da yawa 'yan takara ba sa kai yawan kujeru, sai a ce duk sun ci ba hamayya, a cike sauran daga baya. Majalisar da ta rasa adadin da zai halatta zama ba ta iya biyan ko kuɗin yankan ciyawa, sai gunduma ta naɗa masu riƙon ƙwarya. Ta biyu ita ce samun magatakarda da riƙe shi, domin awoyin da ake biya sukan gaza aikin da ake yi. Ta uku ita ce manyan majalisu, saboda ƙarancin kuɗi, suna sauke wa ƙauyuka ayyukan da a da nasu ne, kamar ban-ɗakin jama'a da ɗakin karatu.

Ta huɗu ita ce rigimar cikin gida. A lokacin annobar korona an yarda a yi zama ta bidiyo daga Afrilu 2020 zuwa Mayu 2021. A cikin wannan lokaci ne bidiyon wani zama na majalisar Handforth da ke Cheshire ya bazu a duniya a watan Fabrairu 2021, mutane suna ta dariyar hayaniyar da aka yi. Amma tushen gardamar tambaya ce ta doka: wa ke da ikon kiran zama, wa ke da ikon jagorantarsa. Dokar 1972 ta ce idan kansiloli biyu suka rubuta wa shugaba ya kira zama na musamman, bai kira ba cikin kwana 7, su biyun suna iya kira.

Duk mazaunin ƙauye a Ingila da ke da buƙata a wurin wannan majalisa, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko mai iyali, ga abin da ya kamata ya riƙe. Sunan magatakarda da ranar zama suna kan allon sanarwa. Buƙatar da ke son kuɗi a kai ta kafin a tsara kasafi a watan Nuwamba. Mai son yin magana a gaban gari ya jira taron masu zaɓe tsakanin Maris da Yuni. Mai son ganin inda kuɗinsa ya tafi ya je a farkon Yuli. Mai son kujera kuma ya riƙa duba sanarwar gurbi, domin a yawancin ƙauyuka kujerar ce ke neman mai zama.